Armaya'u Wanzami da Gashin Sha-Rana

Na fara ganin Armaya'u wanzami ranar Laraba, cikin goman ƙarshe na watan Zulhajji, shekara ta 1320 bayan Hijira, a gindin wata kuka da ke tsakiyar Kukar Salmanu, ƙaramin gari mai shingen ƙaya tsakanin Karare da Ruma. A lokacin ni ne mai yi wa jakadan zakkar hatsi rubutu. Mun sauka garin, gashina ya yi yawa, na tambayi wanzami aka nuna mini shi. Gajere ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ya shimfiɗa mini buzu, ya jiƙa mini kai, ya wasa aska, ya fara daga dama. Ya kai tsakiyar kai ke nan muka ji wata irin busa daga yamma wadda ba mu taɓa jin irinta ba.

Labarin faɗuwar Sakkwato bai iso mana ba tukuna, sai ga sojan Nasara da kansu. Mutanen wannan yanki sun saba da hari. Tun kakanninsu suke tare mahara daga Maraɗi, kowane magidanci da kwarinsa da bakansa rataye a bakin ɗaki. Amma ran nan ba wanda ya ɗana kibiya, domin an ga bindigar da alfadari ke ɗauke da ita, an kuma ji abin da irinta ta yi a Kano.

Bature ɗaya ne a cikinsu, kyaftin, dogo, siriri. Sunansa na Turanci yana cikin takardun bariki, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da shi ba. Sojojinsa suna ce masa Sha-Rana, don ba ya yada zango da tsakar rana kamar sauran mutane. Ran nan kuwa rana ta rama. Sai da aka riƙe shi aka sauke shi daga doki, yana dafe da kai, idanunsa a rufe. Sajensa, wani Bazazzagi mai tsage a kumatu, ya daka tsawa ya ce ina wanzamin garin nan. Aka janye Armaya'u da jiƙaƙƙiyar aska a hannu, ni kuwa aka bar ni a kan buzu da rabin kai.

Daga inda nake zaune ina hango su a gindin tsamiya. Armaya'u ya aske wa Baturen ƙeya, ya kafa ƙaho biyu, ya zuƙa, ya tsaga, ya fitar da baƙin jini. Ya tona rami ya zuba jinin ya rufe da diddige. Gashin kuwa, ja ne kamar gemun masara, ya tattara shi tas a ƙyalle, ya durƙusa yana jira mai shi ya buɗe ido.

Dole in bayyana dalilin wannan jira, domin duk abin da ya sami Armaya'u daga nan ya taso. A gidansu, tun daga kakan kakansa, wanzami ba ya zubar da gashin mutum, ba ya ƙona shi, ba ya binne shi da kansa, ba ya kuma miƙa wa wani. Mai kai ake danƙa wa a tafin hannu, shi ya san inda zai rufe abinsa. In yaro ne a ba ubansa. In mai shi ya mutu, sannan wanzami ya ba ƙasa. Kowa ya san abin da mugu ke yi da gashin mutum in ya same shi, shi ya sa ranar da uban Armaya'u ya rataya masa zabira, wato jakar aska, sai da ya sa shi ya dafa ta ya rantse a kan wannan.

Baturen bai buɗe ido ba, barci ya ɗauke shi. Sajen ya dubi ƙyallen ya ce, "Kai, tashi ka ba mu wuri da ƙazantarka." Armaya'u ya ce abin mai gidansu ne, yana so ya ba shi. Sajen ya ɗaga gindin bindiga. Armaya'u ya tashi.

Kafin azahar Sha-Rana ya farka garau, ƙaho ya yi aiki. Abin da ya fara yi da lafiyar da ya samu shi ne ya sa aka bi gida gida aka kwaso kwari da baka, aka tara a fili aka cinna wuta. Aka fasa rumbuna aka ɗebi gero. Aka zaɓi ƙarfafan maza aka ɗaure su da igiya a ƙugu su ɗauki kayan. Cikinsu har da Jinjiri, ƙanen Armaya'u uwa ɗaya uba ɗaya, wanda matarsa Larai ke da tsohon ciki. Armaya'u ya bi su har bayan shinge yana ɗaga ƙyallen sama, soja suka koro shi. Suka yi gabas, rana tana tsakiyar ka.

Da la'asar Armaya'u ya dawo gindin kuka ya same ni. Ya sake jiƙa kaina ya ƙarasa askin, ya tattara gashin, ya buɗe tafin hannuna ya zuba, ya rufe mini yatsu a kai.

Ba mu bar garin ba sai bayan kwanaki, don hanya ba ta da aminci, saboda haka ina zauren mai gari Uwaisu ranar da aka kira Armaya'u. An ɗauko wani boka daga cikin dajin Rugu, yana zaune a lungu da tulin layu a wuya.

Uwaisu ya ce, "Armaya'u, an ce ka kwashe gashin mutumen nan."

"Na kwashe, ranka shi daɗe."

"To madalla. Allah ne ya kawo mana shi har gida. Ga wanga bawan Allah ya ce in ya sami ko sili uku zai yi masa kurciya, ya bar sojansa ya shiga daji yana sambatu. In kai ya tafi, sauran watsewa za su yi, 'yan'uwanmu su dawo. Kawo."

Armaya'u ya dubi ƙasa ya ce, "Ba nawa ba ne, ranka shi daɗe."

Wani saurayi daga bakin ƙofa ya ce, "Ashe ka yi ɗan'uwa ja ba mu sani ba!" Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba.

Armaya'u ya ce, "Ba wanda ke zauren nan da ban riƙe kansa ba. Kai ma, ranka shi daɗe, shekarar da kuke neman sarautar nan da ɗan baffanka, an zo mini da riga da akuya a kan in ba da ɗan abin da ya zubo daga kanka. Ka taɓa jin zancen?"

"Ban ji ba."

"Don ban bayar ba ne."

Uwaisu ya ce, "Ni Musulmi ne ɗan garinku. Wancan kafiri ne, ya ƙone mana baka, ya tafi da ƙanenka da igiya kamar ɗan akuya. Mi ya haɗa ni da shi?"

"Ranar da ubana ya rantsar da ni bai ce ban da kafiri ba. Da ya faɗa, wallahi da na fi kowa murna yau."

Samari suka miƙe za su danne shi su ƙwata. Bokan ne ya hana. Ya ce aikin ba ya ci sai in hannun da ya yanke gashin shi ya miƙa da kansa, ba tare da an murɗe shi ba. Uwaisu ya ce to shi ke nan, ba wanda zai taɓa shi. "Amma ka ji da kyau. Daga yau askarka ba ta ƙara hawa kan kowa a garin nan, sai ran da ka kawo gashin nan zauren nan, ko ka nuna mana shaida cewa ya bar hannunka."

Limamin garin ya ce zuwa wurin boka haramun ne, ya faɗa a fili. Amma da aka ɗauko wani wanzami daga Karare, sunansa Sada, liman yana cikin waɗanda suka fara sunkuya masa kai.

Bayan Turawa sun zauna an raba ƙasa gunduma gunduma, na zama malamin gunduma. Kowace shekara bayan girbi nakan zagaya ƙauyuka ina rubuta magidanta, don haka ban rabu da ganin Armaya'u ba. Abin da ya faru a tsakani, wani shi ya faɗa mini, wani matarsa Hansai, wani kuma mutanen gari.

Daga cikin waɗanda aka tafi da su wasu sun dawo da damina, ƙafafu a fashe. Su suka ce Jinjiri ya faɗi a hanyar Kano, aka kwance igiyarsa daga ta sauran, aka raba kayansa, aka bar shi a gindin wata bishiya da ransa. Ba wanda ya san ƙarshensa. Larai ta haifi namiji. Ranar suna Armaya'u ya wasa askarsa tun da safe ya je ƙofar gidan, domin ɗan ƙanensa ne, shi ne uba a wurin. Aka bar shi a waje. Yana zaune da zabira a cinya ya ji kukan jaririn a hannun Sada. Larai ta aiko masa da wata tsohuwa ta ce masa ya je ya yi wa ɗan Baturen aski in an haifa.

Ya ɗinke gashin cikin jar fata kamar laya ya ɗaura a damtsen hagu. Ba ya cire shi ko wurin wanka.

Wanzami a ƙauye ba da noma yake ci ba. Rabonsa yana cikin suna da kaciya da ƙaho, da damin da kowane gida ke ba shi bayan girbi. Duk wannan ya koma wurin Sada. Armaya'u yana da 'yar gona a bakin fadama, amma bai iya ta ba, gayya kuma in ya kira ba mai zuwa. Wata shekara na sauka gidansa na tarar da Hansai tana dakan dusa. Mace ce doguwa mai kaifin baki, ba ta jin nauyin baƙo.

Ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, tambaye shi mana, ko abin nan tsirowa yake yi? Kullum sai ya shafa shi kamar mai duba gona."

Armaya'u ya ce, "Ke dai kawo wa baƙo ruwa."

"Ruwa kam akwai, shi kaɗai ne ba a hana mu ba. Da gero ne ka ɗaure a damtsen nan da mun yi fura."

Ya juyo wurina kamar bai ji ba ya ce, "Malam, ina mai kayana ya kai?"

Haka yake kiran Baturen, mai kayana, kuma wannan tambaya ita ce gaisuwarmu ta kowace shekara. Nakan je Katsina da takardu, ina jin labari a bakin masinjoji da tsofaffin soja, sai in adana masa. Shekarar farko na ce masa yana Zungeru. Daga baya na ce ya yi yaƙi a ƙetaren Binuwai, ya ci garuruwa, an ba shi manjo. Ya ce manjo ya fi kyaftin? Na ce ya fi. Ya ce, "To Allah ya sa manjo ya fi kyaftin tsayawa a ji magana." Wata shekara na ce ya tafi ƙasarsu hutu. Ya tambaye ni ko ana dawowa daga can. Na ce ana dawowa.

Na taɓa ba shi shawara. Na ce akwai gidan waya a Katsina, a sa abin a ambulan, in sami akawu ya rubuta sunan Baturen, zai same shi duk inda yake.

Ya ce, "Wa zai kai?"

Na ce mai gudu da jakar wasiƙu zai kai Kano, daga can wani ya karɓa.

"Shi wanin ka san shi?"

Na ce ban san shi ba.

"To ka ga. Na hana mai garinmu, in ba wanda ko sunansa ba mu sani ba?"

Abin da ya fi yi masa ciwo ɗansa ne, Lado. Da yaron ya isa kaciya, kawunnansa suka zo da rana tsaka suka ɗauke shi suka haɗa shi da sa'o'insa a hannun Sada, suka ce ba za a bar yaro shi kaɗai a yi masa da askar da ta taɓa Nasara ba, ya tashi ana yi masa gori. Ɗan wanzami, jikan wanzami. Da Lado ya girma uban ya miƙa masa aska ya koya, yaron ya sa hannuwa a baya ya ce shi noma zai yi. Ba da daɗewa ba ya koma gidan kawunnansa, Hansai ta bi shi da sunan jinyar uwarta, ba ta dawo ba.

Daga nan Armaya'u ya koma Batsari. Wani mahauci, Hashimu, ya ba shi zaure yana kwana. Ran kasuwa yakan shimfiɗa buzu a bayan rumfar mahauta yana yi wa baƙi da Fulanin daji aski, waɗanda ba su san labari ba. Waɗanda suka sani suna kiransa Wanzamin Nasara. Yara sukan tsaya nesa su ce, "Wanzam, nuna mana jan gashi!" Bai taɓa barin Kukar Salmanu a zuciyarsa ba. Kowace sallah yakan taka ya je ya gai da Uwaisu, a amsa masa gaisuwa da kyau, a tambaye shi ya kasuwa, ya fito ya wuce mutane suna layi gaban Sada.

Shekarar da aka fara yaƙin Jamus aka ce Sha-Rana yana Kano yana tara soja. Armaya'u ya rataya zabira ya taka har can. Ya isa ƙofar bariki aka ce masa jirgin ƙasa ya tafi da su tun makon jiya. Mai gadi ya tambaye shi abin da ya kawo, da ya ji sai ya kira 'yan'uwansa su zo su ji abin dariya. Armaya'u ya dawo da ƙafa kamar yadda ya je.

A wannan yaƙi aka ba Baturen kanar. Sojan da suka dawo daga Kamaru suka riƙa ba da labarinsa a kasuwanni: an harbe doki a ƙarƙashinsa ya tashi yana kakkaɓe wando, zazzaɓi ya kashe Turawan da ke tare da shi ya bar shi, kwalekwale ya kife da shi ya fito. An sake ɗibar maza daga ƙauyukanmu su ɗauki kaya, wannan karon masu gari ne da kansu ke zaɓa suna ɗaurewa, Uwaisu ma ya ba da nasa kason. Duk da haka in labarin tsirar Baturen ya iso Kukar Salmanu, mata a bakin rijiya sukan ce ai dole, yana da mai tsaro a Batsari.

Na tambayi Armaya'u ko shi ma haka ya ɗauka. Ya daɗe yana goge aska a cinyarsa kafin ya amsa.

"Malam, ni ban sani ba. Abin da na sani, ba sallar da nake idarwa ban roƙi Allah ya kashe mutumen nan ba. In ya mutu in tona rami in rufe, in je in ce wa mai gari ga hannuna. Ina riƙe da kansa kamar ƙwai, ina roƙon ya mutu. Ya ƙi mutuwa."

Bayan yaƙi labarinsa ya yi nisa. Aka ce yana ƙetaren teku, aka ce sarkinsu ya rataya masa lambobi, aka ce ya zama janar, duk sojan ƙasashen baƙar fata da ke hannun Ingilishi a ƙarƙashinsa suke. Armaya'u kuwa furfura ta cika masa kai, idonsa ya fara hazo.

Cikin watan Sha'aban na shekara ta 1342 takarda ta zo cewa Janar zai bar aiki, yana zagayen ban kwana, kuma yana so ya yi farauta a dajin Rugu. Za a sauke shi a wani sansani kusa da Safana. Aka umarci masu gari su zo gaisuwa, ni kuma aka ɗora mini tanadin ciyawar dawaki da itace da ƙwai. Na aika wa Armaya'u. Ya iso tun kafin a gama kafa rumfuna, ya wanke rigarsa, ya yi wa kansa aski da lalube, duk ya yayyanke ƙeya.

Ranar gaisuwa da hantsi masu gari suka zauna a jere a ƙasa, Uwaisu yana cikinsu, ya tsufa, yana da alkyabbar da aka ba shi saboda ƙoƙarinsa a lokacin yaƙi. Janar yana kan kujera a inuwa tare da wasu Turawa uku. Ya yi ƙiba, wuyansa ya ninku. Na roƙi tafinta, wani ɗan Lakwaja, ya ba tsohon nan dama kaɗan. Ya ce in dai ba ƙara ya kawo ba.

Armaya'u ya matso ya durƙusa. Ya kwance layar daga damtsensa, wurin ya yi fari ya rame kamar an ɗaure reshe. Ya sa aska ya farke ɗinkin. Ƙyallen ya ruɓe, amma gashin yana nan ja kamar ranar da aka yanke shi. Ya juya ya dubi Uwaisu ya ce, "Ranka shi daɗe, ka zama shaida." Sannan ya ce wa tafinta, "Faɗa masa ni ne na yi masa ƙaho a Kukar Salmanu shekarar da suka zo. Ya tafi bai karɓi abinsa ba. Ba wanda ya taɓa shi, ko sili ɗaya bai fita ba. Ya buɗe hannu."

Tafinta ya juya maganar. Janar ya saurara, ya tambayi wani abu, tafinta ya sake bayani. Sai ya fashe da dariya, ya cire hularsa. Kansa sanƙo ne tas, yana ƙyalli, sai 'yar furfura a bayan kunne. Sauran Turawan suka kama dariya.

Tafinta ya ce, "Janar ya ce bai tuna garin ba, garuruwan da ya wuce suna da yawa. Amma ya ce launin nasa ne, ba ya musu."

Janar ya miƙo hannu. Armaya'u ya zuba masa gashin a tafi, ya kai yatsu zai rufe masa hannu kamar yadda ake yi, wani soja ya buge hannun. Janar ya ɗauki gashin da yatsu biyu ya ɗora a tsakiyar sanƙonsa ya juya wa abokansa, ɗaya har yana buga cinya.

Tafinta ya ce, "Ya ce da ka kawo da yawa da ya sa an manna masa."

Armaya'u ya ce, "Tambaye shi, akwai wani Jinjiri cikin masu ɗaukar kayansa, wanda aka kwance a hanyar Kano. Ko ya san inda..."

Tafinta ya ce, "Wannan ba a faɗa wa Janar. Tashi, baba, an gode."

Janar ya sunkuyar da kai gashin ya zubo, ya karkaɗe hannu, ya mayar da hula, ya juya ga mai garin da ke biye. Iska ta ɗan tura gashin ya tsaya a ƙasa, bai fi taku ɗaya daga gwiwar Uwaisu ba. Na ga Armaya'u ya fara sunkuyawa, hannu ya saba, sai ya tsaya ya miƙe. Gashin ya riga ya shiga hannun mai shi, ba ruwansa kuma. Ya tsaya yana duban Uwaisu. Ga abin da aka nema a zaure, a fili, ba mai tsaro. Uwaisu ya dubi gashin sau ɗaya ya janye gefen alkyabbarsa kada ya taɓa. Da aka watse, mai sharar sansani ya haɗa shi da kashin dawaki ya kwashe.

A bakin hanya Armaya'u ya tari Uwaisu yana shirin hawa doki. Ina tsaye kusa.

"Ranka shi daɗe, ka gani da idonka. Ya bar hannuna."

Uwaisu ya ce, "Na gani, Armaya'u. Kai, ashe har yanzu kana nan kan wanga zance? Ai mu mun manta tuni. Wa ke ta Nasara yanzu, su ne masu ƙasa."

"To in dawo ke nan."

"Gari naka ne, wa ya hana ka? Sai dai ka san Sada ya zauna, 'ya'yansa biyu sun ɗauki zabira. Mutane sun saba da hannunsu. Ba na iya ce wa mutum ga wanda zai ba kansa." Ya dubi yankan da ke ƙeyar Armaya'u ya ce, "Kuma naka hannun ma, na ga alama ya huta."

Aka ɗora shi kan doki ya tafi.

Duk da haka Armaya'u ya je. Ran Juma'ar da ta biyo ya shimfiɗa buzunsa a gindin kukar nan, ya jera askake, ya zauna tun hantsi har la'asar. Mutane suka wuce suna gaishe shi da ladabi, wasu samarin ma ba su san ko wane ne ba. Lado ya aiko masa da tuwo a akushi. Ba wanda ya zauna. Ya naɗe buzu ya koma Batsari.

Armaya'u ya rasu a zauren Hashimu mahauci cikin daminar shekara ta 1344, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki. Mahauta ne suka yi masa sutura. An aika wa Lado da zabirar, ya ce ba shi da abin yi da ita, Hashimu ya ba wani baduku ya yanka fatar ya yi kube. Hansai tana nan da rai a gidan ɗanta. Janar ya koma ƙasarsu, labarin ƙarshe da na ji a Katsina shi ne yana lafiya, yana kiwon furanni a bayan gidansa.